Aibin Saniya da Hausa, Namu da Turanci

Mu mutanen Sabon Garin Wudil akwai wani hali da muka ɗauka. Ban ce mu kaɗai ba ne a ƙasar Kano, amma a nan nake zaune, a nan kuma nake jin sa safe da yamma. Idan abin alheri ne ya same mu, da Hausa tsantsa muke ba da labari: an samu ƙaruwa, yaro ya ci jarrabawa, shinkafa ta yi kyau a fadama, an sayar da sa da daraja. Amma da zarar magana ta zo kan inda muka gaza, sai harshe ya karkace ya koma Turanci. Ba wanda ya faɗi jarrabawa a unguwar nan, sai dai mai "kari-oba". Ba wanda aka kora daga makaranta, "widiro" aka yi masa. Ba mai jin yunwa, "olsa" ce ta tashi. Magidanci ba ya cewa bashi ya yi masa katutu har barci ya gagare shi, sai ya ce "sitires" ne. Tsohuwar da ba ta taɓa zama a aji ba ma, ka gaishe ta da jiki, sai ka ji ta ce kwana biyun nan ta yi "wik".

Inda muka kwaso ba nisa. Tun da jami'ar kimiyya da fasaha ta buɗe a kan hanyar Gaya a 2001, wadda aka sa wa sunan Aliko Dangote a 2022, ga kuma Kwalejin 'Yan Sanda da gwamnatin tarayya ta ɗaga zuwa matsayin jami'a a 2012, bakin garin nan ya canja. Ɗalibai suna haya a gidajenmu, suna karyawa a teburin mai shayi, suna hawa baburan samarinmu, suna kai wanki da guga. Duk wanda ya kwana ya tashi da su sai ya tsinci kalma ɗaya ko biyu. Mai shayi yakan san sakamako ya fito tun kafin iyayen yara su sani, don ranar ne mai cin Indomie da ƙwai yake komawa shayi ba madara, yana sha yana kallon ƙasa. Shi zai gaya maka wane yana "furobeshin", wane kuma ya yi "sifil". Ya san ma'anarsu sarai, ya fi iyayen yaran sani, kuma a nan damuwata take.

Bari dai in yi mana adalci tukuna. Sakaya magana ba baƙon abu ba ne a wajen Bahaushe, tarbiyya ce. Uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari. Mace mai ciki cewa muke tana da juna biyu. Babba ba ya mutuwa a bakinmu, rasuwa yake yi, ko a ce ya riga mu gidan gaskiya. Wanda talauci ya kama sai mu ce ba shi da hali. Mun tashi mun tarar ana rufa wa mutum asiri ko da a lafazi ne, abu ne mai kyau, kuma ba na fatan ganin ranar da za mu bar shi. Turanci ya zo ya tarar da wannan ɗabi'a, sai ya zame mana sabuwar hanyar sakayawa, don kalmar baƙo ba ta da kaifi a kunne. Ka ce wa yaro ya faɗi, ka ji yadda maganar ke dukan ƙirji. Ka ce yana da kari-oba, sai abin ya yi sauƙi har a iya faɗarsa ana cin gyaɗa.

Sai dai sakayawar iyayenmu kowa ya san abin da ke ƙarƙashinta. In an ce wance tana da juna biyu, ba wanda ya ɓata. Ta Turanci kuwa takan bar wani a duhu, kuma sau da yawa wanda ake bari a duhun shi ne mai haƙƙin ya sani.

Ka shiga Kara ranar Juma'a ka ji yadda muke magana idan aibin ba namu ba ne. Ga bunaji farare, ga rahaji jajaye masu dogon ƙaho, ga bokoloji, ga tireloli a jere suna jiran lodi zuwa Kudu. Mai saye ba ya gaggawa. Zai zagaya saniya, ya buɗe mata baki ya duba haƙora, ya shafa gadon baya, ya leƙa ido da hanci, sannan ya ja da baya ya ce a kora ta ya ga takunta. A nan ba za ka ji wani ya ce saniya ta yi wik ba. Kowane aibi da sunansa. Wannan tana ɗingishi. Waccan kirci ne a bayanta. Wannan sammore ne ya ramar da ita, waccan hanta ce. Wancan bijimin tunkuyi gare shi. Wannan an yi ta kai ta ba ta ɗauka ba, juya ce.

"Alhaji, ka duba da kyau," in ji dillali. "Ƙafar baya ta hagu tana ɗan ɗingishi, amma wajen sauke ta daga mota ne ta bugu."

"To wannan ɓawon da ke gadon bayanta fa?"

"Kirci ne, ya kama hanyar warkewa. Ba zan ɓoye maka ba, ni da kai ba yau muka fara ba. Ka taya a kan haka."

Ban ce duk dillali waliyyi ba ne. Akwai masu cika wa dabba ciki da ruwa da dusa kafin kasuwa ta ci. Amma ko shi mai yin hakan ya san sunan abin da yake yi, ha'inci ne, ya kuma san in asiri ya tonu za a dawo masa da dabbar a gaban shugabannin Kara. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid har ya wuce babin ciniki ya san mai saye yana da zaɓin mayar da kaya idan ya tarar da aibin da aka ɓoye masa. Ya san labarin da ya zo a Sahihu Muslim na ranar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannunsa cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa alhali saman a bushe, ya tsawatar wa mai kayan. In Babbar Salla ta ƙarato kuwa, ko ɗan makarantar allo zai lissafa maka dabbobi huɗu da ba sa isar wa layya: mai ido ɗaya, da marar lafiyar da ciwonta ya fito fili, da gurguwar da gurguntarta ta bayyana, da ramammiyar da ba ta da ɓargo. Wato a kan dabba muna da harshe, muna da doka, muna da kunyar a kama mu.

To, wannan Alhajin da ya ɓata hantsi guda yana binciken saniya, shi ne za a zo wa da maganar auren 'yarsa. Ya tura ƙanensa bincike unguwar su yaro. Ƙane ya dawo bayan la'asar.

"Yaya, na bincika. Yaron ba shi da furobilam, sai dai an ce yana da ɗan tempa."

"To, ai namiji ne. Allah ya sa albarka."

Shi ke nan an gama bincike. Amma mece ce tempa? Da maƙwabcin da aka tambaya da Hausa ya amsa, dole ya zaɓi ɗaya. Ko ya ce yaron yana da saurin fushi amma yana da saurin hucewa, wannan ana zama da shi. Ko ya ce mai riƙo ne, sai ya yi wata bai yi wa mutum magana ba, wannan sai a duba ko yarinyar za ta iya. Ko ya ce baƙar magana gare shi. Ko kuwa ya ce yana da saurin hannu, ya taɓa fasa wa ƙanwarsa baki, duk uban da kuwa ya ji wannan ba zai ce ai namiji ne ba. Kalma ɗaya ta aro ta haɗiye waɗannan duka, ta ba maƙwabci damar ya ce ai na faɗa, ba tare da ya faɗi komai ba. Yarinya ce za ta je ta gano wanne ne daga ciki, a ɗakinta, ita kaɗai.

Gwamnatin Kano ta ɗauke mana wani ɓangare na wannan nauyi. A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu kan dokar gwajin lafiya kafin aure, wadda ta hana ɗaura aure sai da takardar gwajin ƙanjamau da ciwon hanta da tunjere da kuma nau'in jini da ake kira jinotayif. Amma ita ma takardar da baƙaƙen Turanci take zuwa. A ce wa uba yaro AS ne, yarinya ma AS ce, ya ce to ai sun dace, iri ɗaya ne. Sai an samu mai tsoron Allah ya zaunar da shi ya ce: Baba, ma'anarsa duk cikin da za ta ɗauka akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila. Hali kuwa ba a auna shi a asibiti, sai bakin maƙwabta. Malamai sun sha faɗa mana cewa gaya wa mai neman shawarar aure gaskiya ba ya cikin cin naman mutum da aka hana.

Akwai wani dattijo a majalisarmu, malamin Turanci ne da ya yi ritaya. Shi abin da ke ba shi haushi daban ne. Wata rana wani saurayi ya ce batirin wayarsa ya yi wik, shi ma kansa wik yake ji, kuma ƙungiyarsu ta ƙwallo bana wik ce. Malam ya ajiye kofin shayi ya ce, "Ɗana, ai ko aron ba ku iya ba. Kun shiga gida mai 'ya'ya goma kun ɗauko ɗaya, kun ɗora masa aikin sauran tara."

"To Malam, su wane ne sauran?"

Sai ya gyara zama. Ya ce "weakness" ita ce uwar gidan: rashin ƙarfi kowane iri, na jiki ko na hali, har da abin da mutum ba ya iya kawar da kai in ya gani, kamar wanda ba ya wuce mai tsire. "Frailty" kuwa raunin abin da ke gab da karyewa ne, tsohon da sai an riƙe masa hannu zai tsallake kwata, da kuma ajizancin da ke jikin kowane ɗan Adam. Ita wannan ba zargi a cikinta, tausayi ne. "Flaw" tsaga ce ko tabo a jikin abin da sauransa lafiya lau, tukunyar da aka gina da kyau amma ta fito daga wuta da ɗan tsagu a baki. "Defect" abin da ya tawaya ne tun daga ƙira ko tun daga haihuwa. "Fault" fuska biyu gare ta, ana faɗinta ga injin da ya samu matsala, ana kuma faɗinta ga laifin da za a tuhumi mutum a kansa. Ya fi daɗewa a kan "foible". Ya ce daga Faransanci ta fito, masu wasan takobi suna kiran sashen takobi daga tsakiya zuwa tsini da ita, inda ya fi rauni, amma a kan mutum tana nufin 'yar ɗabi'ar da ba ta cutar da kowa, wadda ake haƙuri da ita ana murmushi, irin dattijon da sai ya maimaita maka labarin aikin hajjinsa duk haɗuwa. "Vice" kuma tana can ƙarshen layi: mugun halin da mutum ya zaɓa ya rungume, caca, shaye-shaye, neman mata.

Abin da na ɗauka daga bayaninsa shi ne, masu harshen da kansu sun raba abin da ya cancanci tausayi da abin da ya cancanci gyara da abin da ya cancanci hukunci. Mu ma haka muke, har mun fi. Muna da rauni da kumamanci da ajizanci. Muna da tawaya da naƙasa da lahani. Muna da aibi da illa da makusa da cikas. Gazawa daban, sakaci daban, ganganci daban. Inda Turawa ke buga misali da diddigen Akilis, jarumin tatsuniyar Girkawa da ba a iya kashe shi sai ta nan, mu lago muke cewa, an gano lagonsa, magana ta ƙare. Duba ma waɗannan huɗun da ɗan zamani zai tara a cikin wik: kasala, lalaci, ragwanta, raki. Mai kasala asibiti za a kai shi. Malalaci faɗa za a yi masa. Rago a ƙarfafa masa gwiwa. Mai raki kuwa a ƙyale shi ya gama. Wanda ya haɗa su a kalma ɗaya, wata rana zai yi wa marar lafiya faɗa, ya saya wa malalaci maganin ƙarin jini. Wannan arziki ba ɓoyayye ba ne. Bargery ya tara dubbansa a ƙamusunsa tun 1934, Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, kuma kafin su duka yana bakin kakanninmu.

Su kuma masu shirin intabiyu na neman aiki, kowa ya haddace cewa in an tambaye shi rauninsa ya ce wai ya cika son aiki. Na gane dalili: an raine mu a kan yabon kai jahilci ne, tona asirin kai kuma wauta. Amma mai tambayar ya ji wannan amsa daga duk wanda ya riga ka shiga. Wanda ya ce masa ba na iya magana a gaban taro, amma ina koya, shi za a tuna.

Misalin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne na ɗalibai da iyayensu. Yaro ya dawo hutu, ya durƙusa a zaure ya gaida mahaifinsa.

"Yaya karatu?"

"Alhamdu lillahi, Baba. Sakamako ya fito, sai dai akwai kari-oba guda biyu."

"Madalla, madalla. Allah ya ƙaro wasu."

Ana ba da wannan labari a majalisa ana dariya, don shi tsohon a zatonsa wani ƙari aka yi wa ɗansa. Ni kam dariyar ba ta yi mini nisa. Abin da yaron bai faɗa ba shi ne, a yawancin jami'o'inmu wanda ya samu ƙasa da maki 40 cikin 100 a darasi ya faɗi, kuma zai sake ɗaukar darasin nan baɗi a kan na sabon aji. Akwai iyakar nauyin darussan da ake yarda ɗalibi ya ɗauka a zango ɗaya, saboda haka in suka taru sai su ture wasu zuwa gaba, har abokan karatunsa su gama su tafi bautar ƙasa shi yana nan. Wannan ita ce sifil-oba: ƙarin shekara, ƙarin kuɗin rajista, ƙarin kuɗin haya. In jimillar maki ta yi ƙasa sosai sai gargaɗin furobeshin, daga shi kuma sai kora. Wa zai biya duk wannan? Tsohon nan da ya ce Allah ya ƙaro wasu. Shi zai kai buhun wake kasuwa, ko ya kama akuyar uwar yaron. Da an gaya masa da Hausa tun a shekarar farko cewa lissafi ne ya gagari yaro, da wataƙila ya samo wanda zai zauna da shi lokacin hutu. Da wataƙila an gano yaron ba ya ganin allo daga baya, tabarau kawai yake buƙata. Ko kuwa a gano acaɓa yake yi da rana saboda kuɗin abincin da ake tura masa ba sa kai shi rabin wata. Duk waɗannan suna da magani a aji ɗaya. A aji huɗu sai dai a ce ƙaddara.

Haka muke yi da lafiyarmu, kuma a nan abin ya wuce asarar kuɗi. Ka tsaya a bakin kemis bayan magariba ka saurara. Ba ni maganin olsa. Ba ni na taifot da maleriya. Mu muke gano cutar, mu raɗa mata suna, mai kemis ya ƙulla mana a leda. Duk abin da ya motsa tsakanin ƙirji da cibiya olsa ce. Alhali gyambon ciki na gaskiya sanadinsa sananne ne. Wasu likitoci biyu 'yan Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, sun gano a 1982 cewa wata ƙwayar cuta ce da ke zama a tumbi take haddasa mafi yawansa, har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Sai kuma yawan shan magungunan kashe zafin ciwo, irin waɗanda leburori da 'yan acaɓa ke haɗiya kullum da yamma don gajiya. Ita ƙwayar ana gwada ta, ana kashe ta da maganin kamar mako biyu. Amma mai cewa olsa yana iya kasancewa yunwa ce kawai yake jin nauyin faɗa, ko kuwa zuciya ce, ko hanta, yana ta shan farin ruwan magani shekara da shekaru.

Wik ta fi kowacce haɗari, don ba ta faɗin komai. Mai jego ta ce ta yi wik, a ce ai jego ne, a ƙara mata kunun kanwa. Da an tambaye ta da Hausa, da wataƙila ta ce haki take yi in ta ɗauko bokitin ruwa, ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya kwanciya sai ta jingina da bango. Waɗannan alamu ne na ciwon zuciya na bayan haihuwa, wanda likitoci a Zariya suka rubuta tun shekarun 1970 cewa ya yi yawa a ƙasar Hausa. Wata kuma jiri ne da ɗashewar ido, jini ne ya yi ƙasa. Shi ma mai sitires, da ya ce ƙeyarsa ce ke sarawa kuma idonsa na yin duhu, da an ɗaura masa abin awo a dantse an ga ko jininsa ya haura 140 bisa 90. Ma'aikatan lafiyar da ke duba mu a Wudil da Kano yawancinsu Hausawa ne ko masu jin Hausa. Ba sa buƙatar mu juya musu ciwonmu zuwa harshen da mu kanmu ba mu ƙware a kai ba.

Kada a ce na tsani aro. Akwai kalmomin da suka shigo suka yi mana rana. Kafin sikila ta zauna a bakinmu, yaron da ke kwana yana kuka da ciwon ƙashi lokacin hunturu cewa ake mayu ne suka kama shi, ko a zargi kishiya, gida ya rabu biyu. Yanzu kalma ɗaya tana nuna hanyar ɗakin gwaji. Haka "difireshin". Macen da ta daina cin abinci, ta daina fira, ta daina kula da jaririnta, da sai a ce raki ne ko iska. Yau ana samun mai cewa a kai ta ta ga likita a Dawanau ko a Asibitin Malam Aminu Kano. Ƙasar ma ta motsa, don a Janairun 2023 aka sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Ma'aunina ɗaya ne. In kalmar ta sa mai saurare ya ƙara fahimta, a riƙe ta hannu biyu. In kuwa an ɗauko ta ne don kada ya fahimta, ha'inci ce ko da murmushi aka faɗe ta.

'Yan uwanmu makafi da kurame da guragu, rediyo ta koya mana mu riƙa ce musu masu buƙata ta musamman, kuma ladabi ne mai kyau. Amma dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ba a kan suna ta tsaya ba. Ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su yi hanyar da keken gurgu zai hau, ta kuma ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Kowa ya zagaya unguwarsa ya ƙirga masallatai da shaguna da makarantun da suka yi wannan hanya.

Ga kuma wani misali da muke gani a ƙofar gida duk lokacin ɗaukar 'yan sanda. Takardar sharuɗɗa da Turanci take, kuma ta jero aibobin jikin da ba a ɗauka da su: tsayin namiji kada ya gaza mita 1.67, ban da gwame, ban da harara-garke, ban da i'ina. Yaro ya je shagon intanet, a karɓi kuɗinsa a cika masa fom, ba wanda ya karanta masa wannan shafi da Hausa. Uba ya ci bashin kuɗin mota da na takardu, a tsayar da yaro jikin ma'auni a ce ya koma gida. Gwame ba laifi ba ne, ba kuma abin kunya ba ne, sana'o'in da ba ruwansu da ƙafa sun fi a ƙirga. Laifin yana wuyan wanda ya iya karatun, ya ga sharaɗin, ya dubi ƙafar yaron, ya yi shiru ya karɓi kuɗi.

Saboda haka ku ɗaliban da ke zaune a cikinmu, da 'ya'yanmu da ke karatu a wasu garuruwa, in sakamako ya fito ku zauna da Baba ko Inna ku faɗa musu da harshen da suka raine ku da shi: darasi kaza na faɗi, ga dalili, ga abin da zai biyo baya. Za su yi faɗa, na sani, amma faɗan yini ɗaya ne, kuma daga nan za a fara neman mafita. Kawun da aka aika bincike, in an ce maka tempa, ka tsaya ka tambaya, yana duka ko ba ya duka? Ku kuma iyaye, duk ranar da yaro ko ma'aikacin asibiti ko mai cika fom ya kawo muku kalmar da ba ku gane ba, kada ku ji nauyin ce masa ya fassara muku.